Kunnen Baba

Ranar Talata na goya Baba a babur,
muka nufi Titin Gidan Zu, inda ake ba da motoci haya.

Gembu za mu, can ƙolin dutse, bikin ɗiyar Ladiyo,
kwana biyu cur muna tafe, in Allah Ya ba da lafiya.

Alhaji Sammani ya kaɗa makullai biyu a yatsa:
"Ga fara mai shan fetur, ga shuɗiya mai gas, zaɓi ɗaya."

Na zaro waya ina lissafi kamar mai rabon gado,
lita kaza, nisa kaza, kwana kaza,
na tara, na ɗebe, kaina har ya juya.

Gas ya fi tsada a famfo, wannan kowa ya sani,
amma shuɗiyar kurɓa take yi, ta san darajar ajiya.

Fara kuwa, in ji yaron Alhaji, lafiyayya ce a kwalta,
sai an zo hawan dutse cikinta ke zama rijiya.

Na ce ai fetur ko a ƙauye ba ka rasa shi,
ɗan bumburutu na nan da galan a gindin bishiya.
Gas in ya ƙare maka tsakanin Bali da Serti,
sai ka zauna ƙirga shanun mutane a bakin hanya.

Na kira Ilu bakanike a Ƙofar Ruwa,
ya ce, "Fulogi ko yarona ya canza shi, ba wuya.
Amma nozul in ya sha gurɓataccen gas ya toshe,
sai ka sayar da babur ɗin nan, ina gaya maka gaskiya."

Maiɗakina ma ta bugo daga Gyaɗi-Gyaɗi:
"Ni ba ruwana da abin da take sha,
ka dai duba bayanta ko zai ɗauke mana kaya."

Duk wannan Baba bai ce uffan ba.

Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela,
Kano zuwa Fatakwal, albasa a tafi, siminti a dawo.
Yanar ido ce ta sauke shi daga sitiyari, ba gajiya.

Can ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ku tayar min da su."
Aka tayar da fara,
ta yi ɗan numfashi siriri kamar mai jin kunya.

Aka murɗa shuɗiya, ta yi tari sau biyu,
ta kama gurnani, ƙasa na rawa a tafin ƙafa.
Ya lalubo ta da sanda, ya ɗora hannu a kan ƙarfen,
ya karkata kai, ya yi kasaƙe,
kamar mai sauraron gaisuwar aboki daga wata duniya.

"Wannan ba ta da ciwo. Bel ne ya ɗan saki, a ɗaure."
Alhaji Sammani ya riƙe haɓa, ya fashe da dariya:
"Wallahi abin da direbana ya faɗa ke nan jiya!"

Na dubi fuskar tsohon.
Rabon da in ga wushiryarsa a waje
tun ran da ya miƙa makulli ya haƙura da tafiya.
Hayaƙin nan da nake toshe wa hanci,
shi shaƙarsa yake kamar turaren ɗakin amarya.

Na mai da waya aljihu, lissafin bai kammala ba.
Wataƙila na yi asara. Dubu nawa?
Ban sani ba, ban kuma sake tambaya.

Muka biya ta Hotoro aka cika mata ciki,
da jarka biyu saboda Bali, kada mu sha wuya.

Da asuba muka fice ta Mariri,
Baba a gaba ya zuge gilashi, yara na barci a baya.

Ba mu kai Wudil ba ya dafa gwiwata:
"Yaro, ba ka jin kukanta ne? Canza giya."